Barira Mai Wanki da Gwangwanin Tumatir

A Tasawa idan ka tambayi gidan Barira mai wanki, ba wanda zai ce maka wace Barira. Da leɓe za a nuna maka hanya, a ce ka bi ta bayan tasha, inda ka hango igiyoyin shanya sun leƙo ta saman katanga, to nan ne. Mai tausayinka kuma zai ƙara da cewa ka shiga da sallama, ka faɗi abin da ya kawo ka, ka fito. Ba ta duka, ba ta cizo, amma wanda ya taɓa shan harshenta ya san da ma dukan aka yi masa ya huta.

Ba cikin baho aka haife ta ba. Ɗiyar masu shanu ce daga wata ruga a gefen Urafane, ta tashi da Fulatanci a gida da Hausa a kasuwa, kuma tun tana tallar nono aka san ba a taya mata ƙwarya da wasa. Ta auri Bube, ɗan baffanta, suka yi shekaru suna bin garke. Ƴaƴa uku ta haifa, ba wanda ya kai shekara biyar. Shekarar da fara ta cinye gero, ciyawa ta ƙi fitowa, shanun suka riƙa kwantawa ɗaya bayan ɗaya, Bube kuma bai daɗe a bayansu ba. Haka ta shigo Tasawa a bayan amalanken jaki, da tabarma, da tukunya, da zane ɗaya na saƙi, baƙi wuluk da shuni, wanda innarta ta bar mata.

Zanen nan ne ya koya mata sana'a, kuma shi ya fara shan wuyarta. Satinta na farko a gidan wani ma'aikaci aka ba ta garin omo da kwalbar jabel, ruwan nan mai warin asibiti da ake farar da kaya da shi. Ita da ba ta san komai ba sai sabulun salo, ta ga farar riga ta fito tana ɗaukar ido, sai ta ce a ranta ashe maganin kowane datti yana birni. Da ta gama na masu gida ta jiƙa zanen innarta, ta zuba gari cikin tafi biyu, ta tsiyaya jabel don shi ma ya ɗanɗani birni, ta tafi ta yi azahar ta ɗan kishingiɗa. Ko da ta dawo zanen ya yi dabbare-dabbare, ta ɗaga shi za ta matse, ya yage a hannunta kamar tsohuwar takarda. Shanu talatin ta rasa ba ta yi kuka a gaban mutane ba. Ran nan ta yi, a tsakar gidan wasu, a bakin rariya.

Tun daga ranar take kallon garin omo kamar karen gadi mai cizo: ana amfani da shi, ba a sakar masa igiya. Ta samo ƙaramin gwangwanin tumatir, ta daddake bakinsa da dutse don kada ya yanke ta, shi ne mudunta shekara ashirin. Rabinsa ya ishi baho guda na kayan sawa. Idan na bakanike ne ko na mahauci sai ta cika shi, ta shafe baki, ba ta yi masa tozo. Shadda kuwa ko ƙamshin gari ba ta ji a hannunta, sai sabulun dunƙule da ruwan sanyi, a cuɗa da sauri a fitar tun maiƙon bai gudu ba. Wani Alhaji ya taɓa aiko da babbar riga tare da leda uku na omo, wai a zuba duka don ta Idi ce. Ta mayar masa da rigar da ledojin, ta ce a gaya masa idan tsumma yake so ya sa ran Salla, akwai masu yi a unguwa, ita ba ta iya ba. Kayan jarirai farin sabulu marar turare take sa musu, ɗauraya uku, ta ƙarshe da ruwan famfo ko da za ta yi layi har rana ta take.

Abin da ke haɗa ta faɗa da matan unguwa shi ne ruwan rijiyarsu. Zartsi gare shi, ba ya son kumfa, ka zuba masa gari ya haɗiye ya yi shiru. Su kuma sun rantse wanki ba ya fita sai kumfa ta tashi ta rufe gwiwar hannu, don haka sai su ƙara, su ƙara, har baho ya naɗa rawani. Barira kan tsaya ta dube su ta ja tsaki. "Kumhwa kuke wankewa ko tuhwa?" in ji ta. Ba mai amsa mata, kowa na son ya wuni lafiya.

Shekara huɗu tana wanki a gidan Mushe Abbas, kamar yadda ake kiran malamin lakwal, wato makarantar boko, da matarsa Khairat mai aikin biro, wato ofis. Ba a yi soyayya ba, amma an zauna lafiya. Duk Litinin da Alhamis Khairat kan miƙa mata leda guda ta omo kafin ta fita aiki. Barira ta taɓa ce mata ta rage saye, ya yi yawa. Khairat tana ɗaura agogo ta ce, "Inna, ki sa duka, ba mu son rowa." Barira ba ta sake ta da maganar ba, ba ta kuma sa duka ba. Takan auna abin da wanki ke bukata, sauran ta juye a wani tsohon bokitin fenti mai murfi da ke bayan buhunan gero a ɗakin ajiya. Ba ta gaya wa kowa ba, don a ganinta mai shelar amanarsa tallarta yake.

Sai Allah ya ba Khairat ɗiya, aka sa mata Safa. Ran suna Barira ta wanke hannu ta karɓi jaririyar, ita da ba ta cika ɗaukar ƴaƴan mutane ba, ta shafa kumatun da bayan yatsa don kada kaushi ya karce ta.

"Kai, dubi hwata," ta ce, "lubus kamar ɗan maraƙin da anka haihwa yanzu."

A wurin ɗiyar ruga babu yabon da ya wuce wannan. Murna ta sa ta manta ba ta ce tubarkalla ba. Mutum ɗaya ya lura, ya kuma adana, wato Hindatu, yayar Abbas, wadda ta zo daga Mayahi don ta kula da mai jego.

Hindatu irin matan nan ce da idan suka sauka a gida, ko kaza sai ta sake wurin kwana. Ta gyara wa mai tuwo tuƙi, ta gyara wa Abbas zaman hula, ran Litinin kuma ta jawo kujera ta zauna a kan Barira tana leƙen baho.

"Ke Bahillata, ina kumhwa?"

"Sunana Barira."

"Na ji. Ina kumhwa? Leda guda anka ba ki, ina kallo. Wanga ruwa kamar na alwala. Ina kike kai sauran?"

Barira ta ci gaba da cuɗa. Hindatu ta ɗaga murya yadda maƙwabta za su ƙaru. "Shekara huɗu ana ba ta omo tana wanke muna kaya da ruwan banza, tana kwashewa tana yi ma wasu wanki da shi! Khairat, kina ɗaki ana yi maki sata a tsakar gida!"

Khairat ta fito da jaririya a kafaɗa. Barira ta ɗago ta dube ta, tana jira. Kalma ɗaya ta isa. Khairat ta dubi yayar mijinta, ta dubi ƙasa, ta ce, "Bon, Inna, ki dai hwaɗa mata inda sauran yake zuwa."

Zagin Hindatu bai shiga jikin Barira ba, ta saba da haushin kare tun a ruga. Wannan maganar ce ta soke ta. Ta miƙe, ta share hannu a zane, ta shiga ɗakin ajiya ta jawo bokitin fenti tana nishi, ta cire murfi, ta tura shi da ƙafa har gaban Hindatu. Cike yake fal, na ƙasa har ya dunƙule.

"Ga satar," ta ce. "Ku ci, ku sha, ku yi wanka da shi. Allah ya isa tsakanina da ku."

Ta ɗauki gwangwaninta, ta bar kayan a cikin ruwa, ta fita ba ta waiwaya ba.

Da wata ce sai ta ji kunya. Hindatu kuwa gani ta yi an tabbatar mata da zancenta, ashe shekara huɗu datti ake sa wa ƙanenta. Ta gyara ɗaurin zane ta ce yau gidan nan zai ga wanki. Ga gari bokiti guda a ɓagas, ga ruwan rijiya mai haɗiye kumfa, sai ta riƙa ɗiba da ludayi. Ƙyallayen jaririya da ƴan rigunanta da zanen goyo duk ta haɗa su da wandunan Abbas a baho ɗaya, kumfa ta tashi har tana bin rariya zuwa titi. Ɗauraya ɗaya take yi, don a wurinta ƙamshin da ya rage a tufa shi ne shaidar tsabta.

Kwana goma ba su cika ba Safa ta fara kuka ba ji ba gani. Wuyanta ya yi ja, hammata ta saɓule, ƙananan ƙuraje suka feso mata a baya da cinyoyi. Khairat tana cikin arba'in, ba ta fita, don haka Hindatu ce ta ɗauki yarinya, Abbas ya kai su likita a babur ya tsaya a waje. Aka ba da man shafawa, aka kuma ce a duba abin da ake wanke mata kaya da shi, a ɗauraye sosai. Hindatu ta ce to. Man ta kawo gida, maganar ta bar ta a can, don ita ta riga ta gano ciwon.

"Ran suna ta yaba hwatar ɗiya ba tubarkalla, ga hwata ta lalace," ta riƙa gaya wa duk mai shigowa barka. "Ta kuma yi muna Allah ya isa a tsakar gida. Matar da ba ta da ɗa ko guda a raye, ku tambayi kanku ina nata sunka tahi."

Aka karɓo rubutu, aka yi hayaƙi, aka rataya laya a wuyan da ya riga ya saɓule. Magana ta bi gari. Daga kambun baka aka koma wata kalma da ta fi muni, wadda ba a faɗa da ƙarfi: mayya. A layin famfo mata suka riƙa jan ƴaƴansu baya idan Barira ta iso. Matar mahauci ta aiko aka karɓi kayansu jiƙe-jiƙe. Gidan bakanike suka ce sun sami wata. Cikin sati biyu igiyoyin da ke leƙowa ta saman katanga suka zama wurin hutun tsuntsaye. Yunwa ba baƙuwarta ba ce, ta san ta tun shekarar fara. Amma sunan nan idan ya zauna a kan mace marar miji, marar ɗa, a garin da ba nata ba, ko gawarta sai an yi jayayyar mai wankewa. Tsoron wannan ne ya hana ta cin abinci, kuma tsoro ne na gaske, duk da ba za ta taɓa kiransa da sunansa ba.

Wata Laraba da hantsi tana dawowa daga famfo da bido, wato jarkar ruwa, a ka, ta bi ta bayan gidan Abbas, ba don marmari ba, nan ne hanya. Ta ɗaga ido ta hango shanya ta saman katanga. Ƴan riguna ne, iska na kaɗa su ba sa lanƙwasa, sun sandare kamar ƙirgi, da farin zane-zane a bakin ɗinki. Ta tsaya cik. Shekara ashirin ba wasa ba ce, daga nan inda take ta gane ciwon Safa. Haushi ya taso mata tun daga tafin ƙafa, har da na kanta, ita da ta tura musu bokitin nan da ƙafarta.

Ba ta koma gida ba. Da bidon a ka ta shiga, sallama ɗaya, ba ta jira amsa ba. Tsakar gidan cike da mata ƴan dubiya, har da matar mahauci. Wata ta ja mayafi ta rufe fuskar goyonta.

"Hita!" in ji Hindatu. "Kin zo ki ƙarasa ta ne?"

"Ba wurinki na zo ba. Ke ko sabulu ban iya ɓatawa a kanki." Ta sauke bido, ta jawo wata roba ta ɗauraye ta a gaban kowa, ta zuba ruwa garai-garai. "Maman Safa, miƙo min rigar da za ki sa mata yanzu. Wankakka, wadda anka ninke."

Khairat ta rame, idanunta sun faɗa don rashin barci. Ta miƙa mata rigar.

Barira ta tsoma rigar ta matsa sau biyu. Ruwan ya yi fari kamar an dama nono, kumfa ta taso ta rufe mata wuyan hannu. Ta zubar, ta zuba sabo, ta matsa, kumfa. Na uku ma kumfa. Ta riƙa bin matan da kallo ɗaya bayan ɗaya, ta fi daɗewa a kan matar mahauci.

"Siddabaru ne," in ji Hindatu. "A hannunta ta ɓoyo shi."

"To kada a yarda da hannun mayya." Barira ta nuna kwandon kaya da haɓa. "Maman Safa, ɗauki wata da kanki, busassa. Ke uwa ce. Lasa."

Khairat ta zaro wata ƴar riga ta kai bakinta ga harshe. Fuskarta ta yamutse, ta tofar, ta sake tofarwa. Ta dubi wuyan ɗiyarta, ta dubi rigar, sai ta fashe da kuka tana ƙoƙarin tuɓe wadda ke jikin yarinyar.

"Abin da harshenki bai ɗauka ba na ƙyaftawar ido, shi kunka naɗe ɗiya da shi dare da rana," in ji Barira. "Ku shahwa mata magani, ku maida ta cikin garwashi. Bakina mi ya yi mata? Ludayin wagga ne." Ta juya kan Hindatu. "Kin ce a tambayi ina nawa sunka tahi. Uku ne, suna Urafane, ƙyanda da zazzaɓi sunka ɗauke su, na kuma san kabarin kowane. Allah shi ne shaida ko ɗaya ba hannuna ne ya ƙone shi ba. Ke kuma tashi ki hwaɗi haka a kan wagga ɗiya."

Hindatu ta ce ita dai ba za ta tsaya ƴar aiki na zaginta ba, ta shige ɗaki ta buga ƙyaure.

Khairat ta riƙo gefen zanen Barira. "Inna, don Allah ki yi haƙuri ki dawo. Wallahi na yi kuskure."

"Sake ni. Ran da anka ce ɓarauniya kina tsaye. Ran da anka ce mayya kina zaune. Na kwance kike so in jira?" Ta kwashe kayan Safa kaf, har na kan igiya da zanen goyo, ta ƙulle su. "Na ɗiya zan wanke, ita ba ta yi min komi ba. Ku ci gaba da maganin likita. Naku kuwa ku ba mai ludayi."

Ɗauraya bakwai ta yi wa kayan ran nan kafin ruwa ya fito garai.

Sati bai zagayo ba jan ya fara dushewa, Safa ta sami barci. Hindatu ta koma Mayahi tana gaya wa duk wanda ya zauna kusa da ita a mota cewa rubutun malam ne ya karya bakin. Kuma akwai masu yarda, don ƙaryar ta riga gaskiya zuwa layin famfo, ta kama wuri. Matar mahauci ta dawo da kayansu ba ta yarda sun haɗa ido ba, Barira ta karɓa, ta ɗora mata maganganu uku masu zafi a matsayin gyara. Gidan bakanike ba su dawo ba har yau. Igiya biyar gare ta, uku ke cika. Har yanzu a layin famfo akwai mai jan ɗanta baya, a hankali, kamar tsayuwa take gyara masa.

Shekara biyu ke nan ba ta sake taka tsakar gidan Abbas ba. Shi da kansa ya je ban haƙuri tare da wani dattijo, ta shimfiɗa musu tabarma, ta ba su ruwa, ta ce ta ji, ba ta ce ta yafe ba. Litinin da Alhamis takan tsaya a zaure ta yi sallama, a miƙo mata ƙullin kayan Safa, ta miƙa wankakku.

Yanzu Safa tana tafiya, kuma ta gane muryar. Da ta ji sallamar sai ta taho da gudu-gudu har zaure, fatar nan lubus ba tabo ko ɗaya, ta ɗaga hannu biyu sama tana cewa Inna. Barira takan riƙe ƙullin kaya ƙam da hannu biyu, ta dubi bango, ta ce wa uwar, "Ɗauke ta, sauri nike." Ba ta ƙara yabon ɗan kowa ba, ko da tubarkalla goma ne a gaba. Sai ta koma gida ta wanke ƴan rigunan da farin sabulu, ta ɗauraye sau uku. Lokacin shanya, idan ta tabbata ba kowa a bayan katanga, takan riƙe ƙaramar rigar a hannu ta ɗan jima, tana gaya mata da Fulatanci abin da ba ta iya gaya wa mai ita.